Bidiyo ya ƙi shiga filash, wanda ya shiga kuma PS4 ta ƙi buɗe shi: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mai ɗaukar hoto ya kawo mana bidiyon bikin ƙanwata, fayil ɗaya mai girman 6GB. Na so in kwafa shi a filash ɗina mai 64GB don mu kalla a talabijin ta hanyar PS4, sai kwamfuta ta ce fayil ɗin ya yi girma, alhali babu komai a filash ɗin. Wasu bidiyoyin da suka shiga kuma PS4 ba ta nuna su, wasu hoto yana fitowa babu sauti. Dukansu kuwa suna buɗewa lafiya a kwamfuta. Filash ɗin ne ya lalace ko na'urar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa abin da ka bayyana, babu alamar lalacewa a filash ɗin, babu kuma a PS4 ɗin. Matsaloli uku ne daban-daban suka haɗu maka lokaci guda, kuma kowace da maganinta. Ta farko tana cikin tsarin da aka yi wa filash ɗin fomat da shi. Ta biyu tana cikin mazubin bidiyon, wato MP4 ko MKV ko AVI. Ta uku tana cikin kodek, wato salon da aka matse hoto da sauti da shi a cikin mazubin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki kowane bidiyon da ya ƙi buɗewa a jefa shi cikin manhajar sauya bidiyo, a jira awa biyu, ingancin hoto ya ragu, alhali wataƙila gyaran minti uku ne yake buƙata. Saboda haka a fara gano wacce ce daga cikin ukun kafin a taɓa fayil ɗin.

Mu fara da na bikin. Filash ɗinka yana kan tsarin FAT32, kuma wannan tsarin ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB, komai yawan sararin da ya rage. Dalili shi ne gurbin da FAT32 ke rubuta girman fayil a cikinsa ba ya iya ƙirga abin da ya wuce bayit 4,294,967,295. Ko filash ɗin 128GB ne, zai ɗauki fayil talatin masu 3GB kowanne, amma ba zai ɗauki ɗaya mai 6GB ba. Don ka tabbatar, buɗe This PC, danna ɓangaren dama na maus a kan filash ɗin, zaɓi Properties, ka duba abin da aka rubuta a gaban File system.

Maganinsa shi ne a mayar da shi exFAT, tsarin da Microsoft ta fitar a 2006 musamman don irin waɗannan ma'ajiyoyi. Ka fara kwashe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, domin fomat yana share komai. Sai ka danna ɓangaren dama na maus a kan filash ɗin, ka zaɓi Format, a ƙarƙashin File system ka ɗauki exFAT, ka bar alamar Quick Format, ka danna Start. Kafin ka danna, ka sake duba harafin ma'ajiyar da kyau, ko E ne ko F, musamman idan akwai wata had-disk a jone. A jerin za ka ga NTFS, kuma shi ma yana karɓar manyan fayiloli, amma kada ka zaɓe shi: PS4 da PS5 ba sa karanta NTFS. Wannan ne ya sa had-disk ta waje da aka saya sabuwa take aiki a kwamfuta amma PlayStation ta ƙi ta, domin da yawa daga cikinsu da NTFS suke zuwa. Xbox One da Xbox Series suna karanta NTFS, tunda gida ɗaya suka fito da Windows.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka kiyaye sosai. Idan ka jona had-disk a PS4, a cikin Settings, ƙarƙashin Devices, za ka ga zaɓin Format as Extended Storage. Wannan zaɓin ya zo ne da sabuntawar 4.50 a 2017, don a riƙa ajiye wasanni a ma'ajiyar waje mai USB 3.0 da girmanta ya kama daga 250GB zuwa 8TB. Idan ka amince da shi, na'urar za ta share komai, ta mayar da ma'ajiyar wani tsari nata na kanta wanda Windows ba ta iya karantawa, kuma ba za ka iya zuba bidiyo a ciki ba. Ma'ajiyar wasanni daban, ta kallo daban. Yara su ne suka fi danna wannan zaɓin ba tare da sun karanta gargaɗin ba, don haka had-disk mai hotunan iyali kada a bar ta jone da na'urar.

Bayan fomat, sai batun inda za a ajiye fayil. PS4 ba ta ganin bidiyon da aka zube a bakin filash. Dole ka buɗe folda, ka sa mata duk sunan da kake so, misali Bidiyo, ka zuba su a ciki. Waƙoƙi da karatuttukan sauti kuwa dole sunan foldarsu ya zama Music. Manhajar da ke buɗe su ita ce Media Player, wadda Sony ta fitar a 2015, kuma sai an sauke ta sau ɗaya ta intanet kafin ta yi aiki. A PS5 ta Media Gallery ake shiga, sannan a zaɓi USB, kuma ita ma sai fayil yana cikin folda. Wannan kaɗai yana iya dawo maka da wasu daga cikin bidiyoyin da ka ce ba sa fitowa.

Idan PS3 ce a gidan, labarin ya ɗan bambanta. FAT32 kawai take karantawa, ba ta san MKV ba, kuma tana neman folda mai suna VIDEO da manyan haruffa. In babu, sai a danna maɓallin alwatika a kan filash ɗin a zaɓi Display All. Tsofaffin talabijin masu ramin USB da yawa su ma FAT32 suka sani. A irin wannan hali sai dai ka raba fayil ɗin gida biyu ko ka rage girmansa, kuma zan zo kan yadda ake yi. Ka kuma sani cewa tagar Format ta Windows ba ta ba da zaɓin FAT32 ga ma'ajiyar da ta wuce 32GB, sai da ƙaramar manhaja irin su Rufus ko FAT32 Format.

Yanzu sai babban al'amarin, wanda ya fi rikita mutane. Haruffan ƙarshen sunan fayil, MP4 ko MKV ko MOV, suna gaya maka irin mazubin ne kawai, ba abin da ke ciki ba. Kamar kula ce ta abinci: ganin kular ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko shinkafa. A cikin mazubi ɗaya akwai layin hoto, da layin sauti ɗaya ko fiye, wani lokaci da rubutun fassara, kuma kowane layi da kodek ɗinsa. Fayil biyu na iya zama MP4 dukansu, ɗaya ya buɗe a PS4 ɗaya ya ƙi, saboda hoton na farko da H.264 aka matse shi, na biyu kuma da H.265, wanda ake kira HEVC. Shi ya sa sauya sunan fayil daga .mkv zuwa .mp4 da hannu ba ya gyara komai. Sunan ne ya sauya, kayan ciki suna nan yadda suke.

Dalilin da ya sa komai ke buɗewa a kwamfuta shi ne manhaja irin VLC tana tafe da ɗimbin kodek nata, tana warware su da ƙarfin kwamfutar. Media Player ta PS4 kuwa jerin abin da ta sani gajere ne. Mazubi tana karɓar MP4, MKV, AVI, MPEG-2 da AVCHD na kyamarorin ɗaukar biki. Hoto, abin dogaro shi ne H.264 High Profile har zuwa Level 4.2, wato iyakar 1080p a PS4 ta gama-gari. Sauti tana karɓar AAC, AC-3 da MP3. Ba ta buɗe HEVC, ba ta buɗe H.264 mai 10-bit (wato mai zurfin launi da ya fi 8-bit na gama-gari), kuma ba ta fitar da sautin DTS daga fayil. An amince da H.264 tun 2003, shi kuwa HEVC sai a 2013, shekarar da PS4 ta fito kasuwa. PS5 ta ƙara WebM da girman 4K, amma a ɓangaren sauti jerinta ya fi gajarta, don a MP4 AAC take so. Saboda haka haɗin da ya fi tafiya a ko'ina, daga PS3 har talabijin har waya, shi ne MP4 mai hoton H.264 na 8-bit da sautin AAC na sitiriyo.

Don ka ga abin da ke cikin fayil, sauke MediaInfo, kyauta ce. Buɗe fayil ɗin a cikinta, ka zaɓi View sannan Text. A sashen Video ka duba Format: idan AVC aka rubuta, H.264 ne, idan HEVC ko AV1 ko VP9, ga matsalarka nan. Ka duba Bit depth, ko 8 ne ko 10, da Width da Height. A sashen Audio ka duba Format: AAC, AC-3, E-AC-3, DTS, TrueHD ko Opus. Idan ba ka son sauke wata manhaja, buɗe bidiyon a VLC ka danna Ctrl da J tare, za ta nuna maka kodek ɗin, sai dai bayaninta bai kai na MediaInfo dalla-dalla ba.

Waɗanda ka ce hoto yana fitowa babu sauti, kusan ko da yaushe hoton AVC ne lafiyayye, sautin ne DTS ko wani da na'urar ba ta sani ba. A nan kada ka taɓa hoton ko kaɗan. Sautin kawai za a sauya, a kwafi hoton yadda yake. Da ffmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni a baƙin allon Command Prompt, layi ɗaya ne (fim.mkv sunan fayil ɗinka ne, sabo.mp4 kuma sunan wanda zai fito):

ffmpeg -i fim.mkv -c:v copy -c:a aac -b:a 192k -ac 2 -sn sabo.mp4

Ma'anar -c:v copy ita ce a kwafi hoto ba tare da an sake matse shi ba, -c:a aac a mayar da sauti AAC, -ac 2 a haɗe shi ya zama lasifika biyu, -sn kuma a bar rubutun fassara a baya. Wannan na ƙarshen yana da amfani, domin MP4 ba ya karɓar irin rubutun fassara na SRT da ke cikin MKV kai tsaye. Fim na awa biyu yana gamawa cikin 'yan mintoci, kuma ingancin hoton bai ragu da komai ba. Haɗe sautin zuwa sitiriyo yana da wata fa'idar: a sauti mai lasifika shida, maganar 'yan wasa tana fita ne ta lasifikar tsakiya, kuma idan na'ura ba ta haɗa shi daidai ba za ka ji kiɗa da ƙarar mota suna tashi, magana kuwa can ƙasa.

Wanda baƙin allon umarni ba ya masa daɗi, manhajar Avidemux tana yin aikin da maus. Ka bar Video Output a kan Copy, ka sa Audio Output a AAC, a Filters na sauti ka zaɓi sitiriyo, ka sa Output Format a MP4 Muxer, ka adana. Manhajar sauya bidiyo ta HandBrake ba ta dace da wannan aikin ba, duk da kyawunta, saboda ba ta da zaɓin kwafar hoto yadda yake. Duk abin da ka ba ta sai ta sake matse shi.

Inda HandBrake take da amfani shi ne idan hoton kansa ne matsalar, wato HEVC, AV1, 10-bit ko 4K. A nan babu makawa sai an sake matsewa. Buɗe fayil ɗin, ka ɗauki Preset mai suna Fast 1080p30, wanda ke fitar da MP4 mai H.264 da AAC. A shafin Video ka tabbatar Video Encoder yana kan H.264 x264, ba wanda aka rubuta 10-bit a gabansa ba. Framerate ka mayar da shi Same as source, ka zaɓi Constant Framerate, domin bidiyon waya sau da yawa yawan hotunansa a daƙiƙa yana hawa da sauka, kuma shi ne ke sa baki da murya su rabu a wasu na'urori. Sai ma'aunin inganci da ake kira RF: ƙaramar lamba tana ba da hoto mai kyau da babban fayil, babbar lamba akasin haka. Ga 1080p, tsakanin 20 da 23 ya wadatar. Sauka zuwa 16 ɓarnar sarari ce da ido ba zai ga amfaninta a talabijin ɗin falo ba. Kada kuma ka ɗaga bidiyon 720p zuwa 1080p da tunanin zai ƙara kyau. Girman fayil kawai zai ƙaru. Idan asalin 4K ne mai HDR, wato salon hoto mai faɗin haske da launi, ka shiga shafin Filters ka sa Colorspace a BT.709, in ba haka ba launin zai fito a koɗe kamar an wanke shi.

Kafin ka saki aikin gaba ɗaya, gwada da ɗan guntu. A saman tagar akwai Range. Mayar da shi Seconds, ka ɗauki daƙiƙa 60 daga tsakiyar bidiyon, ka fitar, ka kai PS4 ka gani. Idan ya buɗe da sautinsa, sai ka yi cikakken. Wannan aikin yana cin ƙarfin kwamfuta sosai, kuma a tsohuwar laftof yana iya ɗaukar lokacin da ya fi tsawon fim ɗin. Ka ɗora ta a kan tebur ko wani abu mai tauri, ba a kan katifa ko darduma ba, ka jona ta da caja, ka hana ta yin barci a Power Options. Idan ƙurar hunturu ta toshe mata fanka za ta yi zafi ta rage gudu da kanta, wata ma ta mutu ana tsakiyar aiki. Kwamfutar da ke da Intel QSV ko Nvidia NVENC, wato sashen kwamfuta na musamman mai matse bidiyo, a jerin Video Encoder za ta gama da sauri ninki da yawa, sai dai fayil ɗin yakan ɗan fi girma a inganci iri ɗaya. Kuma ka fitar da sabon fayil a kan kwamfutar tukuna, sannan ka kwafa zuwa filash.

Game da na'urar da FAT32 kaɗai ta sani, raba fayil ya fi rage masa inganci. A manhajar MKVToolNix ka jefa fayil ɗin, ka shiga shafin Output, a Splitting ka zaɓi After output size, ka rubuta 3900M. Za ta yanka shi gunduwa-gunduwa ba tare da ta taɓa inganci ba, sai dai MKV take fitarwa; ga PS3 sai ka yanka da Avidemux a kan Copy ka adana a MP4. Idan kuma dole fayil ɗaya kake so, lissafin mai sauƙi ne: yawan kilobit a daƙiƙa, wato bayanan da bidiyon ke ci a kowace daƙiƙa, sau yawan daƙiƙoƙi, raba takwas, sai ya ba ka girman fayil a kilobayit. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce. Hoto a 4,000 da sauti a 160 sun zama 4,160, wanda zai ba ka kusan 3.7GB. Sai ka zaɓi Avg Bitrate a HandBrake maimakon RF, ka rubuta 4000.

Rubutun fassara shi ne abin da na'urori suka fi saɓawa a kansa: wata ta nuna, wata ta ƙi. Idan za ka sake matse hoton ko ta yaya, ka shiga shafin Subtitles ka sa alama a Burn In, rubutun ya manne da hoton har abada. Idan fassarar Hausa ce a fayil ɗin SRT, ka buɗe shi a Notepad ka adana da UTF-8, in ba haka ba haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, za su koma alamar tambaya ko wasu akwatuna.

Tushen da yawa daga cikin waɗannan fayiloli wayoyinmu ne. Tun iOS 11 a 2017, iPhone tana ɗaukar bidiyo da HEVC idan ba a sauya mata ba. Shiga Settings, Camera, Formats, ka zaɓi Most Compatible, daga nan za ta riƙa ɗauka da H.264. Wayoyin Android da yawa su ma suna da irin wannan zaɓin a saitin kyamara. Shi ma mai ɗaukar biki, tun ranar da za ku yi ciniki ka ce masa kana son kwafi ɗaya a MP4, H.264, 1080p, AAC. A manhajar da yake haɗa bidiyo danna biyu ne kawai.

Saura yanayin da filash ɗin da gaske shi ne mai laifi. Alamar filash na jabu ita ce fayiloli na farko suna buɗewa, na baya kuwa sunansu da girmansu suna nan amma sun ƙi buɗewa a ko'ina, har a kwamfuta. An yi masa dabara ne ya riƙa cewa shi 64GB ne alhali ainihinsa bai kai ba, sai abin da ya wuce iyakarsa ya salwanta shiru. Manhajar H2testw tana cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa. A yi gwajin yana fanko, tun ranar da aka saya. Amma idan ka ga mai 64GB yana nuna 57 zuwa 59, ko had-disk mai 1TB tana nuna 931GB, wannan ba jabu ba ne, bambancin ƙirga ne tsakanin masana'anta da Windows.

Ka riƙa yin Eject kafin ka zare shi. exFAT da FAT32 ba su da kundin da NTFS ke amfani da shi wajen gyara kansa bayan katsewa, don haka ɗauke wuta ko zarewa ana tsakiyar kwafa yana iya ɓata fayil ko folda gaba ɗaya. Idan hakan ta faru, buɗe Command Prompt ka rubuta chkdsk E: /f, ka sa harafin filash ɗinka a madadin E. MP4 ɗin da bai gama kwafuwa ba sau da yawa ba ya buɗewa kwata-kwata, saboda jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake a ƙarshen fayil ake yawan rubuta shi. Ka kwatanta girmansa da na asali, in sun bambanta ka sake kwafa.

Filash ɗin da ya biya ta shagon masu tura fina-finai ko wurin buga takardu yakan dawo da cutar da ke ɓoye foldoji ta ajiye gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya a madadinsu. PS4 ba za ta ga komai ba, kai kuma kada ka danna su. Ka bincike shi da Windows Security, ka goge masu kibiyar, sannan ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a Command Prompt, foldojin za su bayyana.

Shi kuwa bidiyon bikin, bayan ka mayar da filash ɗin exFAT ka sa shi a folda, duba shi da MediaInfo. Idan AVC ne da AAC, zai buɗe kai tsaye. Idan ya buƙaci sauyi, ka yi aikin a kan kwafi, asalin mai 6GB ka ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a wata ma'ajiya da ba ta yawo. Allah Ya sanya albarka a auren.